Babi na Biyar: Wane Inji Zan Ɗora wa Jirgina?

Duk wanda ya gama haɗa gangar ƙaramin jirgin igiya, ya manna fikafikai, ya kafa wutsiya, tambaya ɗaya ce ke fara zuwa bakinsa: wane inji zan saya? Yakan so a faɗa masa suna ɗaya da lamba ɗaya, ya biya kuɗi ya huta. Wanda ya amsa masa nan take bai taimake shi ba, domin inji shi kaɗai ba ya tuƙa jirgi. Abubuwa biyar ne ke aiki tare: farfela, injin lantarki, batir, na'urar daidaita gudu, da taima. Kowannensu yana jingine da ɗan'uwansa, kuma dukansu suna jingine da abu biyu da ba a saye a kanti, wato nauyin jirgin da gudun da ake so ya yi. Daga nan za mu fara, inji kuwa sai ya jira layinsa.

Jirgin da ba a rage masa wuta a sama

Mu tuna yadda jirgin igiya yake. Matuƙi yana tsaye a tsakiyar fili, riƙe da mariƙi. Igiyoyi biyu sirara sun tashi daga mariƙin sun shiga ta bakin fiffiken hagu, jirgin yana kewaye shi. Idan ya karkata hannu sama, wutsiya ta ɗaga, jirgi ya hau. Idan ya karkata ƙasa, ya sauko. Iyakar ikonsa ke nan.

Wannan wasa ya yaɗu ne daga Amurka, bayan da Jim Walker na birnin Portland ya fitar da jirginsa mai suna Fireball a 1940. Ƙananan jirage irin namu kuwa sun cika gari ne da zuwan ɗan injin mai na kamfanin Cox, musamman samfurin Babe Bee na 1956, wanda girman cikinsa bai wuce cc 0.8 ba. Masu wasan suna kiran wannan rukuni 1/2A, kuma har yau za ka ga wannan alama a jikin zanen ƙananan jirage. Injin Cox ba shi da totur. Ana tayar da shi, ya yi ta ihu a iyakar ƙarfinsa har mai ya ƙare, sannan jirgi ya sulalo ƙasa.

Lantarki ya kawar da ƙarar da maiƙon da wahalar tayarwa, amma ya gaji wancan hali. Mai jirgin rediyo, in ya ji inji ya yi zafi ko gudu ya yi yawa, sai ya sassauta da yatsa. Mai jirgin igiya ba shi da wannan dama. Gudun da zai yi, da wutar da zai sha, da mintin da zai ɗauka, duk an yanke su tun jirgin yana ƙasa. Shi ya sa zaɓen kaya ya fi nauyi a nan fiye da kowane reshe na wasan ƙananan jirage.

Akwai kuma wani dalili. Wanda ya taɓa kaɗa majajjawa ya san cewa muddin hannu yana juyawa da sauri igiya tana miƙe, dutse yana zaune daram. Da zarar ya sassauta, igiya ta yi laushi, dutse ya faɗo inda ya ga dama. Haka jirgin igiya yake. Gudu ne ke miƙar da igiya, igiya miƙaƙƙiya ce ke kai umarni ga wutsiya. Jirgin da ƙarfinsa ya gaza yakan shigo cikin da'ira da igiya sake, matuƙi yana kaɗa hannu babu abin da ke amsawa.

Sikeli da agogo

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshen babin. Jirgi ne mai faɗin fikafikai kamar santimita 60, wanda muke so nauyinsa duka, har da batir, ya tsaya a giram 250. Za mu tuƙa shi da igiya mai ƙafa 35, tsawon da aka saba da shi a wannan rukuni. Idan aka haɗa da tsawon hannu, daga matuƙi zuwa jirgi ya kai kamar mita 11, kewaye ɗaya kuwa mita 69.

Yanzu sai agogo. Idan jirgin yana gama kewaye cikin daƙiƙa 4, yana cin mita 17 a daƙiƙa ke nan, kusan kilomita 62 a awa. A wannan gudu, ƙarfin da yake jan igiya da shi ya kusa ninka nauyinsa sau uku. Idan kewayen ya koma daƙiƙa 5, jan ya sauko ƙasa da ninki biyu. A daƙiƙa 6 kuwa da kyar ya ɗara nauyin jirgin. Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai, domin lokacin da jirgi ya hau saman kan matuƙi, nauyinsa duka yana ja ne ya faɗo kansa, kuma abin da ya rage bayan an cire nauyin shi ne kawai ke riƙe igiya. Ga iska kuma, wadda a rabin da'ira take tura jirgi waje, a ɗaya rabin ta turo shi ciki. Saboda haka daƙiƙa 4 zuwa 4 da rabi shi ne abin da za mu nema.

Sabon shiga zai ce wannan juyi ya yi masa sauri, jiri zai kama shi. Gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne ƙara tsawon igiya, a bar gudun yadda yake. Da igiya mai ƙafa 42, jirgi mai gudun mita 17 a daƙiƙa yana ɗaukar kusan daƙiƙa 5 kafin ya kewayo, jan igiyar kuma yana nan fiye da ninki biyu. Sai dai doguwar igiya tana shan iska, tana cin ƙarfi, don haka akwai iyaka.

Ƙarfi nawa ake bukata? Ma'aunin ƙarfin lantarki shi ne wat, kuma ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya kuwa yawan wutar da ke wucewa. Ƙiyasin da ke aiki ga jirgin da zai yi 'yan alkafura shi ne wat 250 zuwa 300 ga kowane kilo. Namu rubu'in kilo ne, don haka wat 60 zuwa 75 ya ishe shi. Sannan a ware wa kayan wuta gaba ɗaya kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgi, wato giram 80 zuwa 90. Ka rubuta waɗannan lambobi a takarda, da su za ka shiga kasuwa.

Farfela ce ke yanke hukunci

Farfela ita ce mafi arha a cikin kayan, ita ce kuma aka fi rainawa, alhali ita ke faɗa wa inji yawan wutar da zai sha. Injin lantarki ba ya ƙin kaya. Duk abin da aka ɗora masa zai yi ƙoƙarin juya shi, yana zuƙar wuta gwargwadon nauyin aikin, har sai wani abu ya ƙone.

A jikin kowace farfela akwai lambobi biyu, misali 6x4. Ta farko faɗinta ne daga baki zuwa baki, inci 6. Ta biyu za mu kira ta taku: nisan da farfelar za ta ci gaba a juyi ɗaya in da iska ba ta zamewa, inci 4, wato kamar santimita 10. Taku da saurin juyi su ke ba da gudu. Farfela mai takun inci 4 da ke juyi 12,000 a minti tana juyi 200 a daƙiƙa, tana neman cin mita 20 a daƙiƙa. Jirgi ba ya kaiwa can, domin iska tana zamewa, gangar jiki da igiyoyi suna ja baya. Zai tsaya a wajen mita 17, daidai abin da muke nema. Mun samu lamba ta gaba ke nan: juyi 12,000 a minti.

Faɗi kuma shi ke ba da ƙarfin ja, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Farfela 6x4 siririya, irin wadda aka yi don lantarki, tana bukatar kamar wat 40 a wancan sauri. Tunda inji da na'urarsa suna ɓarar da wani kaso ya zama zafi, batir zai ba da kusan wat 60. To, idan mutum ya ga 7x4 ya ce ai inci ɗaya ne kawai bambanci, ya ɗaura, aikin da ya ɗora wa inji a wannan sauri ya kusa ninkawa biyu. Dalili shi ne ƙarfin da farfela ke ci yana hawa da faɗi ninki huɗu a jere: bakwai bisa shida, a ninka shi da kansa sau huɗu, ya ba da 1.85. Saurin juyi shi ma haka, sai dai ninki uku ne. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a sauri yana jawo ƙarin kashi 33 a wuta. Yawancin injinan da suka ƙone a hannun sababbin shiga lafiyarsu ƙalau, farfela ce ta fi ƙarfinsu.

Akwai wata garaɓasa da lantarki ya kawo wa jirgin igiya, wadda nake ganin bai kamata a bari ta wuce ba. Yawancin matuƙa suna kewaya hagu, matuƙi yana gefen hagun jirgi. Farfela ta al'ada kuwa, yayin da take juyawa, tana murɗa gangar jirgi zuwa hagu, wato cikin da'ira, kuma an fi jin haka lokacin tashi, sa'ad da gudu bai kankama ba, igiya ba ta miƙe ba. Injin lantarki yana juyawa ta kowane gefe: a musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku, shi ke nan. Idan aka haɗa shi da farfela mai juyin baya, murɗar ta koma waje, tana taimaka wa igiya. Irin wannan farfela takan zo da harafin P ko R bayan lambarta, kuma farfelun ƙananan jirage marasa matuƙi masu inji huɗu dama bibbiyu ake sayar da su, ɗaya dama ɗaya hagu. Ko wacce aka ɗaura, fuskarta mai tudu ce ke kallon gaba. Farfelar da aka juya baibai tana ƙara, tana shan wuta, amma ja kaɗan take yi.

Sai inji

Yanzu muna iya amsa tambayar farko, domin mun san abin da muke nema: injin da zai juya 6x4 sau 12,000 a minti, ya jure wat 75 ba tare da ya yi zafi ba, nauyinsa kuma kada ya wuce giram 30.

Irin da ake amfani da shi yau shi ne marar kabon, mai wayoyi uku, wanda koyil ɗinsa ke tsaye a ciki, ƙoƙon waje mai maganaɗisu yana juyawa. Tsofaffin injina masu kabon, irin na motocin wasan yara, sun yi nauyi ga ƙarfin da suke bayarwa, a bar su. Ƙiyasi mai sauƙi shi ne kowane giram na inji marar kabon yana ɗaukar kamar wat 3 cikin kwanciyar hankali, don haka mai giram 25 zuwa 30 ya dace da mu.

Lambar da ta fi rikita mutane ita ce Kv. Ma'anarta yawan juyi a minti da inji zai yi a kan kowane bolt ɗaya idan babu farfela. Ba ma'aunin ƙarfi ba ce. Inji mai Kv 2100 a kan bolt 7.4 zai yi juyi 15,540. Mai Kv 1400 a kan bolt 11.1 shi ma 15,540 zai yi, babu ragi babu ƙari. Idan aka ɗaura farfela saurin yakan sauko zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari, wato 12,400, kusa da burinmu. Ka ga ashe ba a zaɓen Kv sai an san batir, ba a zaɓen batir sai an san Kv.

Lambobi huɗu da ke cikin sunan inji su ma suna bukatar lura. Wasu kamfanoni suna nufin girman zuciyar ciki, inda 2205 ke nufin faɗin milimita 22 da tsayin milimita 5. Wasu kuma girman ƙoƙon waje suke rubutawa, ta yadda mai suna 2822 zai iya zama sa'an wancan. Kada suna ya ruɗe ka, ka duba nauyi da Kv da iyakar amfiya.

Injinan jirage marasa matuƙi na tsere, irin 2205 mai Kv 2300, sun fi sauƙin samu a yau, kuma suna yin aikin a kan bolt 7.4. An yi su ne don aiki mai nauyi fiye da namu, saboda haka farfela 6x4 ba ta rage musu sauri sosai. In an sake musu wuta duka za su zarce 12,000 da nisa, su sha fiye da abin da muka tsara. Sai a rage musu ta taima, kamar yadda za mu gani.

Batir, wanda nauyinsa ba ya raguwa

Jirgin mai yana sauƙi yayin da tanki ke ƙarewa. Jirgin lantarki da nauyin da ya tashi da shi yake sauka. Duk giram na batir da ba a yi amfani da wutarsa ba kaya ne aka yi dakonsa a banza, don haka a nan ma lissafi za mu yi.

Batirin da ake amfani da shi shi ne LiPo. Ƙwaya ɗaya tana ba da bolt 3.7 a matsakaici, 4.2 idan ta cika, kuma tana lalacewa idan aka zuƙe ta ƙasa da 3.0. Ƙwaya biyu a jere, abin da ake rubutawa 2S, su ne 7.4. Uku, wato 3S, su ne 11.1. Don samun wat 60 daga ƙwaya biyu ana jan amfiya 8, daga ƙwaya uku kuwa 5 da rabi.

Cikin batir ana auna shi da mAh. Mai 1000 yana iya ba da amfiya ɗaya na tsawon awa guda. Mu muna jan amfiya 8 na minti 3, wato kashi ɗaya cikin ashirin na awa, abin da ya kama 400. Ƙa'idar da masu wasan suka yarda da ita ita ce kada a ci fiye da kashi 80 cikin ɗari na cikin batir, saboda haka mai 500 muke bukata. Nauyinsa wajen giram 30 ne. Idan aka tara da inji mai giram 28, da na'urar gudu mai 12, da taima da farfela da wayoyi kamar 15, an samu 85. Mun tsaya cikin iyakar da muka shata.

Mai karatu zai iya cewa minti 3 ya yi kaɗan. Ga wanda ke juyawa a wuri ɗaya, minti 3 kewaye ne fiye da arba'in, kuma ko a gasar duniya ta alkafura, rukunin F2B, minti 7 kacal ake ba matuƙi ya gama komai. Shawarata ita ce a sayi ƙananan batura biyu ko uku a riƙa musanyawa. Babba guda ɗaya yana ƙara nauyi, nauyi yana neman ƙarin gudu, gudu yana neman ƙarin wuta, a ƙarshe mintin da aka ƙaru da shi bai kai abin da aka zata ba, jirgi kuma ya zama mai taurin kai a kwana.

Akwai lamba ta uku a jikin batir, mai harafin C. A ninka ta da cikin batir, a samu iyakar amfiyar da zai iya bayarwa. Mai 500 da 25C yana ba da 12 da rabi, ya wadatar da mai jan 8. Ina son a bar rata mai kyau a nan, domin lambar C da ake bugawa a jikin batura masu arha takan wuce gaskiyarsu.

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce ko batirin tsohuwar waya zai yi. Ba zai yi ba. An yi shi ne ya ba da wuta kaɗan-kaɗan tsawon yini, kuma yana da ɗan allon kariya da zai yanke wuta da zarar an ja da ƙarfi. Dogayen ƙwayoyin nan 18650 na cikin tocila da tsohon batirin kwamfuta kuwa kowace ɗaya giram 45 ce ko fiye. Biyu sun cinye kason kayan wuta duka tun ba a ɗora inji ba.

LiPo yana son kulawa, kuma wannan magana ce ta tsaron gida da rai. A yi cajinsa da caja mai daidaita ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, a kan amfiyar da ta yi daidai da cikinsa, wato rabin amfiya ga mai 500. A yi a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, mutum yana kusa, nesa da katifa da labule. In za a ajiye shi kwanaki, a bar kowace ƙwaya a wajen bolt 3.8. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki. Zafi babban abokin gabarsa ne, don haka a ƙasashenmu, inda bazara ke haura digiri 40, kada a bar shi cikin mota a rufe ko a rana, kuma a bar shi ya huce bayan sauka kafin a mayar da shi caji.

Na'urar daidaita gudu

Inji marar kabon ba ya juyawa idan aka haɗa shi da batir kai tsaye. Sai da wata 'yar na'ura a tsakani, wadda ake rubuta wa ESC, mai rarraba wuta ga wayoyin uku bi da bi. Zaɓenta ba wuya: a ɗauki wadda iyakarta ta ɗara abin da ake ja da rabi. Ga amfiya 8, mai 12 ta yi.

Abu biyu kawai za a tabbatar. Na farko, tana fitar da bolt 5 ta siririyar wayarta, domin da shi taima ke rayuwa. Masu wannan suna ɗauke da alamar BEC, da yawa daga na jirage marasa matuƙi kuwa ba su da shi. Na biyu, tana da kariyar yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Wannan kariya ta ranar tsautsayi ce. Jirgin da kullum sai ita ke kashe shi yana cin batirinsa ne da kaɗan-kaɗan.

Taima, mai riƙe totur a madadinka

ESC an yi ta ne ta karɓi umarni daga rediyo. Umarnin ɗan bugun wuta ne da ake maimaitawa kamar sau 50 a daƙiƙa. In tsawonsa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, inji ya tsaya. In kashi biyu ne, ya sake gudu duka. Tunda jirginmu ba shi da rediyo, sai a sa wani ɗan allo mai giram biyu ko uku ya riƙa aika wannan bugu. Shi ne taima.

Abu uku ake saita masa. Akwai jinkirin farawa, daƙiƙa 20 ko 30, wanda ke ba ka damar danna maɓalli, ka taka zuwa tsakiyar fili, ka ɗauki mariƙi. Akwai yawan wuta. Akwai kuma tsawon tafiya. Nagari yakan ɗan girgiza gudun inji 'yan daƙiƙu kafin ya kashe, don matuƙi ya daidaita jirgi ya shirya sauka, kada wuta ta ɗauke masa yana kife a sama.

Taima mai sauƙi yana riƙe totur ne a wuri ɗaya. Matsalarsa ita ce batir yana farawa da bolt 8.4 yana raguwa, don haka jirgi yakan tashi da zafi ya ƙare da sanyi, igiya tana laushi daidai lokacin da matuƙi ya gaji. Wasu taimomin suna ƙara totur a hankali don cike wannan giɓi. Mafi kyau shi ne tsarin gwamna, irin aikin da gwamnan janareto ke yi: a faɗa masa juyi 12,000, ya riƙe shi nan, ko batir ya ragu ko jirgi yana hawa. Wasu ESC, irin na kamfanin Castle Creations, suna da gwamna a cikinsu. Akwai kuma taimar KR ta Keith Renecle na Afirka ta Kudu, wadda ke ƙirga juyin inji da kanta ta mayar da ESC mai arha tamkar mai gwamna. A can ƙololuwa akwai irin ta Igor Burger na Sulobakiya, zakaran duniya na F2B a 2012, mai jin motsin jirgi ta ƙara wuta a hawa ta rage a gangara. Ƙaramin jirginmu bai bukaci wannan ba.

Wanda zai yi amfani da gwamna ya tuna cewa gwamna ba ya ƙirƙirar ƙarfin da babu. Dole inji ya kasance yana iya wuce saurin da aka saita da kamar kashi ɗaya cikin biyar, ko da batir ya kusa ƙarewa. Kv 2100 a ƙwaya biyu ba shi da wannan rara. A nan ne mai 2300 zuwa 2500 ya fi dacewa, ko mai 1600 a ƙwaya uku.

Abu na ƙarshe da nake roƙon kowa ya duba kafin ya biya kuɗin taima shi ne abin da take yi idan jirgi ya faɗi. Mai rediyo yana kashe inji nan take. Kai kuwa kana nesa da mita 11, farfela ta cije a ƙasa, taima tana ci gaba da ba da umarnin gudu. Cikin 'yan daƙiƙu koyil ko ESC ya ƙone, wani lokaci har batir. Taima mai ƙirga juyi tana ganewa ta yanke wuta, wasu ESC ma suna yi. Sabon matuƙi zai faɗi ba sau ɗaya ba, don haka wannan kariya ta cancanci kuɗinta.

Awo kafin tashi

Duk lissafin da muka yi ƙiyasi ne, mita ce ke faɗin gaskiya. Akwai 'yar mitar wat da ake sakawa tsakanin batir da ESC. A fara haɗa komai babu farfela, a ga taima tana farawa tana tsayawa yadda aka saita, inji yana juyawa ta gefen da ake so. Sannan a ɗaura farfela, wani ya riƙe jirgi ta baya, kowa ya kauce daga gabanta da gefenta, a bar shi ya yi daƙiƙa 15. Idan mita ta nuna amfiya 8 zuwa 10, lafiya, domin a sama abin yakan ɗan ragu. Idan ta nuna 14, a rage totur ko a koma ƙaramar farfela. Kada a daɗe ana gwaji a ƙasa, iskar sanyaya inji ba ta isa.

Tashin farko a saita minti ɗaya. Wani ya riƙe agogo ya auna kewaye. Bayan sauka a taɓa inji da batir: ɗumi ba laifi, zafin da yatsa ba ya jurewa alama ce ta kaya ya yi yawa. Caja za ta nuna yawan mAh da ta mayar, daga nan ka san abin da minti ɗaya ke ci, ka ƙara lokaci har ya kai kashi 80 ɗin nan. Filin kuma ya zama babu wayar wutar lantarki ko kusa, domin igiyar ƙarfe tana ɗauko wuta zuwa hannu, kuma hakan yana kisa.

Kaya sun haɗu ke nan a kan tebur, amma giram 85 ɗin nan sai an san inda aka zaunar da su. Batir ya matsa gaba da santimita biyu, jirgi ya yi nauyin kai. Ya matsa baya, ya zama ba ya riƙuwa. A babi na shida za mu ɗaura inji a hancin jirgi, mu ga dalilin da ya sa ake son batir a gefen waje na ganga, mu nemo wurin da nauyi ya kamata ya daidaita a kan fiffike.